Aisin sauti biyu 'yan gida ɗaya: a haɗa musu direba ko kowa ya riƙe nasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaninka ne daga Rijiyar Zaki. Mu uku muke haɗa 'yan na'urorin da ke kunna karatu da tunatar da lokutan salla a masallatai da makarantun Islamiyya, Linux ne a cikinsu. Aisin sautin da muka fara da shi ya yi wuyar samu, sai mai kawo mana kaya ya turo wani na kamfanin ɗaya, ya ce ƙaninsa ne. Na duba takardun bayanansu, rajistocin kusan duk ɗaya ne sai 'yan wurare. Direban na farkon mu muka rubuta shi. Abokin aikina ya ce mu kwafi fayil ɗin kawai, mu sauya suna, mu gyara inda suka bambanta. Ni kuma ina ganin gara direba ɗaya ya ɗauki duka biyun. Wanne ya fi, kuma yaya manya suke yi a cikin kanel ɗin kansa?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, kuna da direban da ke aiki, wato manhajar da Linux ke sarrafa aisin (IC, 'yar ƙwayar lantarkin da ke fitar da sautin) da ita, ga sabon aisi mai kama da tsohon, kuma kuna tsoron abu biyu: in kun kwafa ku riƙa gyaran abu ɗaya sau biyu har abada, in kun haɗa kuma gyaran sabo ya lalata tsohon da ke hannun jama'a. Duka tsoron biyu suna da tushe. Amsata a taƙaice, bisa yadda ka siffanta lamarin, ita ce direba ɗaya da jadawalin bambance-bambance. Amma kafin ka je ka ce wa abokinka Malam ya ba ka gaskiya, akwai tambayar da ya kamata ku fara amsawa: kamannin nan daga ina ya fito? Shin kamfanin ne ya ɗauki zanen ɓangare ɗaya ya dasa a aisin biyu, ko kuwa lambobin rajista, wato 'yan gurabun saiti da ke cikin aisin, ne kawai suka zo ɗaya? Kama da wane ba ta wane. Abin da yake ɗaya a cikin silikon shi ake haɗa wa kod. Abin da ya yi kama a takarda kawai, wata rana zai rabu, ya bar ku da aiki.

Kuma tun kafin komai, ka shiga sound/soc/codecs a cikin sabon kanel, wato zuciyar Linux, ka nemi lambar aisin nan biyu. Akwai direbobi ɗaruruwa a wurin. Na sha ganin matasa sun kwana suna rubuta abin da wani ya riga ya rubuta, an gwada shi shekaru.

Yadda sashen sauti ya taso

Tsarin sautin Linux na yanzu, ALSA, Jaroslav Kysela ne ya faro shi a 1998, ya kuma maye gurbin tsohon tsarin OSS a kanel 2.6 da ya fito a ƙarshen 2003. Tun a lokacin an gane cewa yawancin katunan sauti ba baƙin juna ba ne. Intel ta fitar da ƙa'idar AC'97 a 1997, sai ya zama direbobi da dama, na Intel da VIA da sauransu, duk suna kiran modul ɗaya mai suna snd-ac97-codec, halayen kowane kamfani kuma aka tara su a ac97_patch.c. Da HD Audio ya zo a 2004 abin ya ƙara sauƙi, domin aisin da kansa yake faɗin abin da ke cikinsa, direba ya tambaye shi ya gina hanyoyin sautin. Shi ya sa in ka sayi tsohuwar laftof a Beirut Road ka ɗora mata Ubuntu, yawanci sauti ke fitowa ba tare da ka taɓa komai ba.

Irin na'urorinku kuwa a ƙarƙashin ASoC suke, wanda ya samo asali daga kamfanin Wolfson na Edinbara, kafin Cirrus Logic ya saye shi a 2014. ASoC ya raba aikin uku: direban aisin sauti, direban ɓangaren sautin da ke cikin furosesa, da kuma ɗan abin da ke bayyana yadda aka haɗa su a kan bod. Daga cikinsa ne Mark Brown ya ciro regmap a 2011, a kanel 3.1, bayan ya ga kowane direba yana sake rubuta yadda ake karanta rajista da rubuta mata ta wayoyin I2C ko SPI da ke haɗa aisi da furosesa. Na kawo wannan ne saboda dalili. Ka buɗe direbanku ka duba. In har yana da nasa fankshin na karatu da rubutu, da nasa wurin ajiye kwafin rajistoci, da nasa tsarin kunna ɓangarori da kashe su maimakon DAPM, wato tsarin ASoC na yin hakan, to kaso mai tsoka na abin da kuke gardamar rabawa ba naku ba ne tun farko, aikin kanel ne. Ku miƙa masa kayansa, sai ku ga abin da ya rage bai kai yadda kuke zato ba.

Direba ɗaya, bambanci a jadawali

Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa. Direban tlv320aic3x yana ɗauke da aisin Texas Instruments da dama 'yan gida ɗaya, irin su AIC3104 da AIC3106. Direban sun4i-i2s kuma yana hidima wa furosesocin Allwinner tun daga A10 har zuwa H3 da H6, duk da cewa wasu bit sun sauya mazauni daga wannan zuwa wancan. Dabarar ita ce kowane aisi yana da ɗan tsarin bayanansa, kuma a jadawalin of_device_id ana liƙa wa kowane suna nasa. Lokacin da kanel ya tashi direban, device_get_match_data() zai miƙo masa bayanan aisin da ke kan bod, daga nan sauran kod ɗin ba ya sake tambayar suna.

Me ake zubawa a cikin wannan tsarin? Lambar shaidar aisin, rajista mafi girma, ƙimomin da rajistoci ke ɗauka bayan riset, ma'aunin ƙarar murya, tsawon jiran da ake yi bayan an ba shi wuta. A ce na farko yana hawa da rabin desibel a kowane mataki, na biyu kuma da ɗaya da rabi. Wannan ba abin rubuta sabon fankshin ba ne, layi biyu ne na DECLARE_TLV_DB_SCALE, kowa da nasa. In kuma akwai wuri ɗaya da tafiyar ta bambanta gaba ɗaya, kamar yadda ake saita PLL, ɓangaren da ke samar da saurin agogon da ake so daga wanda bod ya bayar, sai a sa manunin fankshin a cikin jadawalin, kowane aisi ya kawo nasa.

Abin da nake hana yaran da ke koyo a wurina shi ne warwatsa "in aisi na biyu ne, yi kaza" a ko'ina cikin fayil. Da biyu abin yana tafiya. Ranar da na uku ya zo, kuma zai zo tunda mai kawo muku kaya ya riga ya nuna muku hali, sai kun bi kowane sharaɗi ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya: na ukun nan a nan wurin kamar na farko yake ko kamar na biyu? Ku riƙa tambayar abin da aisin ke da shi maimakon sunansa. "Yana da PLL?" "Yana da mashigar makirfo ta biyu?" Sabon aisi sai ya zama cike layi ɗaya a jadawali.

Wani ƙaramin abu: ku ba kowane aisi nasa sunan compatible a cikin bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke faɗa wa kanel abin da ke kan bod, ko da yau ba ku ga bambancin da ya shafi kod ba. In bambancin ya ɓullo bayan shekara, direba zai iya rarrabe su ba tare da kun bi masallatai kuna sauya fayil ba.

Laburaren tsakiya

Akwai inda direba ɗaya ba ya isa. Aisin biyu na iya haɗa ɓangare guda, misali sashen analog, sauran jikinsu kuma kowa da kamarsa. A nan ake ciro abin da suka yi tarayya a kai a mai da shi modul na daban, wato laburare, direbobin biyu su riƙa kiransa. Wolfson sun yi haka da wm_hubs.c don WM8993 da WM8994, daga baya da arizona.c don su WM5102 da WM5110. Realtek suna da rl6231.c, ɗan ƙaramin fayil wanda babban aikinsa lissafin agogo da PLL ne, direbobi irin su rt5640 da rt5645 suna ɗiba daga ciki. Ka lura da irin abin da aka ciro: lissafi ne da ba ruwansa da wane ne ya kira shi, a ba shi lambobi ya dawo da lambobi. Irin wannan shi ya fi daɗin rabawa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne amfilifayar CS35L41 ta Cirrus. Aisi ɗaya ne, amma a na'ura irin Steam Deck yana ƙarƙashin ASoC, a laftof da dama kuma yana maƙale ne a gefen aisin HD Audio. Tsarin biyu ba sa shiga inuwa ɗaya, dole aka yi direba biyu, sai aka zuba jadawalin rajistoci da matakan tayar da aisin a cs35l41-lib.c. Haka nan in aisi ɗaya yana iya zama a kan hanya fiye da ɗaya, ana barin zuciyar direban a fayil guda a yi 'yan siraran fayiloli na kowace hanya, kamar rt5682.c da rt5682-i2c.c da rt5682-sdw.c.

Sai dai laburare kamar katangar da ke tsakaninka da maƙwabci ne a cikin gari: kun rage kuɗin bulo, amma ba ka isa ka huda ta don taga ba sai da saninsa. Duk wanda ya taɓa fankshin ɗin tsakiya ya taɓa kowa. A cikin kanel ana iya rayuwa da haka ne saboda ba a yi wa kowa alkawarin cewa fankshin na ciki ba zai sauya ba, kuma ƙa'ida ce wanda ya sauya shi shi zai gyara duk masu kiransa a tafiya ɗaya. Ku ma in za ku bi wannan hanya, laburaren da direbobin su zauna a rumbun git ɗaya. Sannan akwai 'yan wahalhalun gini: kowane fankshin da za a kira daga waje sai an fitar da shi da EXPORT_SYMBOL_GPL, a Kconfig, fayil ɗin zaɓin abin da za a gina, kuma kowane direba ya yi select na laburaren. In aka yi sake direba ya shiga cikin jikin kanel laburaren kuma ya fita a matsayin modul, ginin zai tsaya da kukan cewa bai ga sunan ba. Ku gwada gini ta kowace fuska. Tun kanel 5.4 na 2019 ana iya killace sunayen da EXPORT_SYMBOL_NS_GPL don kada wani direba na daban ya fara jingina da su.

Ga aisi biyu da ƙananan bambance-bambance irin naku, wannan ya yi yawa. Na faɗa ne don ka gane shi in lokacinsa ya zo.

Af, akwai wata tsohuwar dabara da za ka ci karo da ita in kana yawo a sound/pci. Buɗe ens1371.c ka gani: kusan babu komai a ciki sai ayyana CHIP1371 da jawo ens1370.c ɗungurungum, wato fayil ɗaya ake ginawa sau biyu, cike da #ifdef. Yana aiki, ya yi shekaru yana aiki. Amma karanta shi azaba ne, domin kullum sai ka riƙe a ka wane rabin ne ke raye. Kada ku fara.

Inda abokinka yake da gaskiya

Kwafi ba haramun ba ne. In ka jera takardun biyu ka ga kamannin bai wuce sunayen rajistoci ba, tsarin agogo daban, matakan ba da wuta daban, hanyoyin sauti daban, to direba biyu masu sauƙin karatu sun fi guda ɗaya mai kai biyu. Haka in tsohon aisin ya ƙare muku ƙaf, babu bod ko ɗaya da za ku gwada a kai, barin direbansa yadda yake ya fi aminci. Ba a gyara abin da ba za a iya kunnawa a saurara ba.

Amma kuɗin kwafi ba ranar farko ake biyansa ba. An taɓa kawo mini wani aiki daga wani shago a nan Kano, na'urori kashi biyu, direba biyu da aka kwafa daga juna. Masu kashi na farko ba su da ƙorafi. Masu na biyu kuwa duk lokacin da aka kawo wuta sai lasifika ta yi "ɓas" kafin karatu ya fara, kuma ka san yadda hon ɗin masallaci ke ɗaukar irin wannan da asuba, unguwa guda za ta ji. Da na jera fayilolin biyu da diff, mai nuna bambancin fayiloli, sai ga shi a na farko wani ya ƙara ɗan jira tsakanin tayar da sashen analog da buɗe muryar, don wutar ciki ta daidaita. A na biyun babu. Wanda ya yi gyaran ya bar aikin, wanda ya gaje shi bai san akwai tagwaye ba. Layi uku ne.

Shi kansa kanel ɗin yana kai-komo tsakanin haɗawa da rabawa. A 2008 an narkar da laburaren tsofaffin aisin AD1848 da CS4231 suka koma wss_lib guda. Ta ɗaya gefen kuma, patch_realtek.c, direban aisin HD Audio na Realtek, ya yi ta kumbura har ya haura layi dubu goma, yawancinsa jerin gyare-gyaren laftof ɗaya-ɗaya, sai a 2025 Takashi Iwai, mai kula da sashen sauti, ya tsattsaga shi gida-gida tare da laburare a tsakiya.

Abin da za ka duba a takardun

Ka ce rajistocin kusan duk ɗaya ne. Adireshi shi ne abu mafi sauƙin kwatantawa, kuma ba a nan matsala ke ɓuya ba. Ka ɗauki biro ka bi ƙimar kowace rajista bayan riset. Ga dalili. Regmap yana riƙe kwafin rajistoci a ƙwaƙwalwa, yana farawa da jadawalin ƙimomin da ka ba shi. In ka kira regmap_update_bits(), kwafin yake dubawa, in ya ga abin da kake so ya riga ya yi daidai da shi ba zai aika komai ga aisin ba. Yanzu a ce a tsohon aisi wani bit yana tashi a kunne, a sabon kuma a kashe, ku kuma kun ba su jadawali ɗaya. Direba ya ce a kunna, regmap ya duba kwafinsa ya ga a kunne yake, ya yi shiru. Babu kuskure a dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, manhajar kunna sauti ta aplay tana nuna tana tafiya lafiya, sifika kuma tsit. Haka regcache_sync() yake tsallake duk rajistar da ƙimarta ta yi daidai da ta jadawalin bayan na'ura ta farka daga barci. Saboda haka wannan jadawalin kowane aisi da nasa, ko da bambancin rajista ɗaya ce tak. Haka jerin rajistocin da aisin ke sauyawa da kansa, waɗanda ba a yarda da kwafinsu.

Sai bit ɗin da takardar tsohon ta ce an keɓe, kada a taɓa. Sau da yawa a nan kamfani ke dasa sabon abu a ƙanin. In direbanku yana rubuta rajista sukutum da ƙimar da ya haddace, zai iya kunna abin da ba ku sani ba.

Sai agogo. In bod ɗinku yana ba da 12.288 MHz, wato 48,000 sau 256, to sautin 48 kHz yana fita kai tsaye. Amma yawancin fayilolin karatun da ke yawo a wayoyin mutane 44.1 kHz ne, shi kuma 11.2896 MHz yake so, ko PLL da zai samar da shi, ko a juya fayil ɗin a manhaja. In tsohon aisi yana da PLL sabon kuma ba shi da shi, direba kuma ya ci gaba da cewa yana karɓar 44.1, karatun zai riƙa gudu da kusan kashi tara cikin ɗari, muryar ta siranta. Kai mai na'ura ƙila ba za ka lura nan da nan ba, amma alaramman da ya san muryar makarancin zai lura a aya ta farko. Jerin saurin da kowane aisi ke karɓa shi ma a jadawali yake zama.

Yadda nake jera aikin

Ba na haɗa gyaran tsari da ƙarin sabon aisi a faci ɗaya, wato ƙunshin gyaran kod guda. Facin farko: a ciro lambobin tsohon aisin daga cikin kod a zuba su a jadawali, ba tare da halin direban ya sauya ko kaɗan ba. A tabbatar da haka a kan tsohon bod: a kwashe rajistoci kafin gyara da bayansa, lokacin da sauti ke tafiya, a kwatanta da diff. Fayil ɗin registers da ke ƙarƙashin /sys/kernel/debug/regmap yana taimakawa, amma ka tuna yawancin abin da yake nunawa daga kwafin ne, don haka in kana shakka ka leƙa wayoyin I2C ɗin da 'yar na'urar nazarin sigina, masu arha ma sun isa. Sai bayan wannan ya zauna a kawo faci na biyu mai ƙara sabon aisin. Amfanin hakan shi ne ranar da wani ya kira daga Gwammaja ya ce tsohuwar na'urarsa ta daina magana bayan sabuntawa, git bisect zai nuna maka facin da ya jawo, kuma facin ƙarami ne da za ka iya karantawa a zama ɗaya.

Ku ware bod biyu na tsohon aisi ku rubuta musu "ba na sayarwa ba", ko da ciniki ya matsa. Gwajin kuma kada ya tsaya a speaker-test kan tebur mai fanka. A zare wuta a mayar a jere, kamar yadda ake yi mana in ana sauyawa daga layi zuwa janareta, a kuma bar na'urar ta yi zafi irin na watan Afrilu a cikin akwatinta a rufe. Jiran da ya isa wa aisi ɗaya da sanyin safiya ba lallai ya isa wa ɗayan da azahar ba.

Maganar lasisi a gurguje: kanel yana ƙarƙashin GPL kashi na 2, don haka duk abin da kuka ɗebo daga direbobinsa ya bi ku da sharaɗinsa, wanda kuka sayar wa na'ura yana da haƙƙin samun kod ɗin. In kamfanin aisin ya ba ku kod na misali, ku karanta saman fayil ɗin kafin ku cakuɗa.

Iyakar wannan amsa ita ce takardun aisin suna hannunka, ba hannuna ba, kuma da kalmarka ta "sai 'yan wurare" na yi hukunci. In ka zauna da biro ka ga wuraren sun kai ga tsarin agogo da matakan wuta gaba ɗaya, koma kan shawarar abokinka, ku ciro lissafin da ya zama ɗaya kawai. Kuma direba ba ya gyara ƙarfe: in ƙafafun sabon aisin ko kafasitocin da yake so a gefensa sun bambanta, wannan aikin mai zanen bod ne.

Abu ɗaya da zan so ka ƙara ko wace hanya kuka bi. Tunda kaya daga kasuwa suke zuwa, wata rana za a haɗo muku tsoho da sabo a leda ɗaya, mai soda kuma ba zai tsaya karanta rubutun da ke bayan aisi ba. In aisin yana da rajistar shaida, ka sa direba ya karanta ta tun a probe, wato lokacin da kanel ke tayar da shi, ya rubuta abin da ya gani a dmesg, in kuma bai dace da sunan da bishiyar na'urori ta ba shi ba ya ƙi tashi ya faɗi dalili. Ka karanta ta kai tsaye daga aisin, wato ka sa ta cikin jerin rajistocin da regmap ba ya ajiye wa kwafi.